Benen da ba shi da mai taya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ratse daga Tashar Yari zuwa Maƙarfi, ko ta Hunƙuyi, ko tsakanin Ikara da Paki, ya san irin gidajen da nake nufi. Doguwar katanga ce da waya mai ƙaya a samanta, da ƙofar ƙarfe wadda babbar mota za ta shige ba tare da ta goga ba, daga ciki kuma bene ya leƙo da rufi mai tsini irin wanda ake yayi. A bakin ƙofar akwai benci, a kan bencin akwai dattijo da rediyonsa. In ka yi sallama ka tambayi mai gidan, amsar ba ta canzawa: "Alhaji yana Kaduna," ko kuma "Yana Abuja, sai dai da Sallah." Wata goma sha ɗaya gidan na kulle. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan tayil, ƙadangaru suna shan hantsi a barandar sama, akuyoyin maƙwabta suna kiwo a gindin katanga.

Na daɗe ina lissafa waɗannan gidaje cikin dukiyar yankinmu, kamar yadda kowa yake yi, har ranar da wani tsohon dillalin gidaje a Sabon Garin Zariya ya gyara mini tunani. Na kwatanta masa ɗaya daga ciki, na tambaye shi nawa yake ganin zai yi a kasuwa. Ya ce, "Malam, ai kuɗin kaya shi ne abin da aka taya. Wannan wa zai taya? Duk mai ƙarfin saye a garin ya riga ya gina nasa. Baƙo kuma me zai kai shi?" Tun daga ranar nake bibiyar cinikin manyan gidaje a Zariya da Kaduna da Kano, inda masu kuɗin Ikara da Maƙarfi da Kudan suke kai dukiyarsu, kuma abin da na fahimta shi ne kasuwa biyu ce ake kira da suna ɗaya. A birni farashi yana hawa har ya fi ƙarfin mai albashi da ɗan kasuwa matsakaici. A garuruwanmu kuwa, ranar da mai fenti ya sauke tsaninsa, ranar gidan ya fara zama ƙasa da abin da aka kashe masa. Mutum ɗaya ne sau da yawa yake zuba kuɗi a duka biyun, yana zaton abu ɗaya yake yi.

Bari mu fara da birnin. Unguwannin da a yau ake kira GRA asalinsu unguwannin Turawa ne. Dokar birane ta 1917, ta zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Bature da na ɗan ƙasa. Shi ya sa har gobe in ka shiga GRA ta Zariya, ko Nasarawa a Kano, ko tsofaffin layukan Unguwar Rimi a Kaduna, za ka ga ƙaramin gida a tsakiyar makeken fili, da tsofaffin itatuwan mangwaro da maɗaci. Bayan samun 'yanci manyan ma'aikata suka gaji wuraren. Abin da yake faruwa a cikin shekaru goma da suka wuce shi ne, mai saye ba ya ko shiga ɗakunan ya duba. Filin yake aunawa da ido. Ana gama ciniki sai katafila ta shigo, a sare itatuwa, a yanka fili ɗaya gida huɗu ko shida, a jera benaye masu manne da juna, kowanne da wurin ajiye mota biyu da ɗakin mai aiki a baya. Gida ɗaya ya haifi shida, kowanne kuma ana neman a sayar da shi kusa da kuɗin da aka sayi uwar.

A Kaduna abubuwa biyu suka ƙara wa wannan wuta. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi gwanjon gidajen gwamnati kusan dubu biyu, da dama daga ciki a unguwanni masu tsada, wato filayen da suka daɗe a hannun hukuma suka faɗo kasuwa lokaci guda. Sannan a watan Yunin 2019 aka ƙaddamar da aikin sabunta birane, aka faɗaɗa tituna, aka sake gadar Kawo, aka buɗe hanyoyin da suka kusanto da unguwannin da a da ake gani kamar ƙauye. Duk inda kwalta da fitilar titi suka bi, farashin fuloti ya bi su. Sabuwar unguwar Millennium City da ke tsallaken kogi ita ce shaida: wurin da ake noma jiya, yau masu awo ne suke yawo da fegi. Wannan ya nuna abin da dillalin nan yake nufi. Darajar babban gida tana zuwa ne daga wajen katanga, daga titi da ruwa da tsaro da asibiti da makaranta, da kuma yawan mutanen da suke son zama a wurin. Tayil ɗin Sifen da fitilun Dubai ba sa ƙara komai in waɗannan babu su.

Zariya ma tana da nata abin jan. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, asibitin koyarwa a Shika, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, makarantar horar da kuratan soja, duk suna tara mutanen da suke da albashi mai kauri ko fansho, kuma suke son su ƙare rayuwarsu kusa da likita. Shi ya sa Hanwa da GRA da gefen Samaru ba sa rasa mai tambaya. Kuma da yake Kudan tana maƙwabtaka da Sabon Gari, awon fulotin da ya cinye gonakin Basawa da Dogarawa yana ta matsowa wajenmu. Na ga manoman da suka sayar da gonar gado aka yanka ta fuloti hamsin-da-ɗari, suka sayi babur da kujerar Makka, bayan shekara uku suna ƙodago a gonar wani. Wannan magana ce mai zaman kanta, amma reshe ne na itace ɗaya.

To me ya sa farashi yake ta hawa a birni alhali kowa yana kukan babu? A nan ne ya kamata mu yi hattara da lissafi. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, kafin Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu ɗauka mutum yana da gidan da ake taya masa miliyan 100 a farkon 2023. Bayan shekara guda aka taya masa miliyan 180, ya yi murna, abokai suka ce Alhaji ya iya ajiya. Amma in ya mayar da kuɗin dala, ko ya shiga kasuwar rodi da kwano da wayar wuta, zai tarar miliyan 180 ɗin ba za ta saya masa abin da miliyan 100 take saye a da ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon shekarar, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar a tsayar da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Kaso mai yawa na abin da muke kira tashin gida faɗuwar naira ce. Mai gida yana gudu ne don ya tsaya inda yake.

Duk da haka ban ga laifin mai kuɗin da ya ruga ya sayi gida ba, domin ina zai sa kuɗin? In ya bar su a banki suna narkewa kamar ƙanƙara. Takardun bashin gwamnati sun biya sama da kashi 20 cikin ɗari a 2024, amma yawancin 'yan kasuwarmu ba sa kusantar kuɗin ruwa, kuma sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 bai shiga ƙauye ba, ba a kuma yi wa mutane bayaninsa da harshensu yadda ya kamata ba. Saura ƙasa da hatsi da shanu. Shanu ɓarayin daji sun sa kiwonsu ya zama kasada. Hatsi kuwa, waɗanda suka cika sito da masara da tsada a kakar 2024 sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Sai gida ya zama rumbun mai kuɗi. Akwai ma wata fuska ta fiƙihu da ba a cika faɗa a fili ba: tsabar kuɗi in ta kai nisabi ana fitar mata da zakka duk shekara, gidan zama ba a fitar masa, wanda aka ajiye ana jiran kasuwa kuma, a mazhabar Malikiyya, sai ranar da aka sayar ake fitar da ta shekara ɗaya. Ba na cewa kowa don haka yake saye. Ina cewa ne dukiyar da ta koma bulo ta daina zagayawa, talaka ma ya daina ganin rabonsa a ciki, kuma wannan abu ne da ya dace malamanmu su riƙa taɓowa a wa'azi.

Wata alama da take nuna kasuwar ba ta da lafiyar da ake zato ita ce tazarar da ke tsakanin kuɗin da ake ambata da kuɗin da ake biya. Dillalai suna ɗora hoton gida a WhatsApp da Facebook da farashi mai tayar da hankali, maƙwabci ya gani ya ce to ai nawa ya fi wannan, shi ma ya ɗaga. Gida sai ya shekara biyu da allon sayarwa. Babu wani wuri da mutum zai je ya ga ainihin nawa aka sayar da gidan da ke kusa da nasa, domin mai saye da mai sayarwa sukan rage adadi a takarda saboda kuɗin hukuma, dillali kuma la'adarsa tana ƙaruwa ne in jita-jitar tsada ta yaɗu. Sau da yawa dillali biyar ne a kan gida ɗaya, kowa ya ɗora nasa. Ga shi kuma ba bashin gida. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwambar 2024, bankunan kasuwanci suna ɗorawa a kai. Asusun gidaje na ƙasa, wanda ake yankar kashi biyu da rabi na albashin ma'aikaci dominsa tun 1992, yana ba da rance a kashi 6 cikin ɗari har shekara talatin, amma abin da yake bayarwa ba ya kusantar kuɗin bene a unguwar Malali ta Kaduna. A jihar Kaduna, inda aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 72,000 a 2024, masu iya ajiye miliyan ɗari biyu lokaci guda ba su da yawa, kuma kusan duk sun san juna: 'yan siyasa, 'yan kwangila, manyan 'yan kasuwa, manyan jami'ai, sai 'yan ƙasar waje masu aiko da dala. Kasuwar da masu sayenta za su cika ɗakin taro ɗaya tana iya yin tsit a duk lokacin da gwamnati ta canza.

Haya ma ba ta cika fitar da mai gida kunya ba. A ƙaddara gidan miliyan 200 ne ake ba da hayarsa miliyan shida a shekara. Sai ya shekara talatin da uku kafin ya mayar da uwar kuɗi, ba a cire gyara da watannin da zai zauna babu kowa ba. Shi ya sa masu wayon cikinsu suka koma gina ƙananan rukunai masu ɗaki biyu ko uku, ko gidajen saukar baƙi na kwana-kwana, maimakon fada guda mai falo huɗu.

Rashin tsaro shi ne ya fi komai sauya abin da mai saye yake nema. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, da sace-sacen da aka yi ta yi a gefen Zariya, ciki har da na kwalejin Nuhu Bamalli a 2021, gidan da yake shi kaɗai a bakin gari ya zama abin tsoro komai kyansa. Yanzu tambayar farko ita ce ko rukunin yana da ƙofa ɗaya da masu gadi, ta biyu ko akwai sola da rijiyar burtsatse. Masu hali daga Birnin Gwari da Giwa da sassan Katsina da Zamfara sun taso sun shigo Zariya da Kaduna da Kano, sun ƙara yawan masu nema. Yankinmu ya fi wasu samun sauƙi, alhamdu lillahi, amma harin da aka kai masallaci a Saya-Saya ta ƙaramar hukumar Ikara a watan Satumbar 2023 ya isa ya sa mai bene a ƙauye ya daina kwana a ciki. Dogon gini a tsakiyar gidajen ƙasa yana nuna wa mugu ƙofar da zai bi.

Sai maganar takarda, wadda mutanenmu suke yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne na wa'adi, yawanci shekara 99, da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa da bin ƙa'idar abin da aka ba shi filin dominsa. A Kaduna hukumar KADGIS ce take kula da rajista, KASUPDA kuma da izinin gini. Mutanen Kudan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin abin ya faru da ɗansu. A watan Fabrairun 2018 aka rushe ginin Sanata Suleiman Hunƙuyi da ke titin Sambo a Kaduna, gwamnati ta ce saboda saɓa ƙa'idar amfani da fili da rashin biyan kuɗin ƙasa, shi da magoya bayansa suka ce siyasa ce. Ko wanne ɓangare mutum ya gaskata, darasin mai sayen gida ɗaya ne: gini na iya zama ɓaraguzai kafin a idar da sallar asuba. A Kano an ga irinsa a watan Yunin 2023, da sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da ta gabace ta ta sayar, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula. A Abuja kuma, a Disambar 2024, kotu ta ƙwace rukunin benaye 753 a Lokogoma ta miƙa wa gwamnatin tarayya bayan binciken EFCC. Wannan na ƙarshe ya tona abin da kowa yake raɗawa, cewa wani kaso na kuɗin da yake ɗaga farashin manyan gidaje kuɗi ne da ake neman inda za a binne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan biyar ba ta banki ba. Mai gumin kansa da yake takarar gida da wanda bai san zafin kuɗin ba, ba zai taɓa yin nasara a ciniki ba.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi damuna. Shekarun baya na zauna cikin shaidu a rabon gadon wani bawan Allah a ɗaya daga garuruwan nan namu, mutumin kirki, wanda ya yi arzikinsa da fataucin hatsi da rake. Ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai. Babbar kadararsa ita ce benen da ya shafe shekara shida yana ginawa a bakin gari, wanda bai yi cikakkiyar shekara biyu a ciki ba. Aka kira mai ƙiyasi, ya zagaya, ya lissafa siminti da rodi da tayil da ƙofofin waje bisa farashin ranar, ya rubuta adadi mai nauyi. Kowa ya lissafa rabonsa a zuci. 'Yan matan da ke gidajen aure suka fara tsara jari, samarin suka fara maganar mota.

Aka sa gidan a kasuwa. Watanni suka shuɗe ba wanda ya ko zo dubawa. A cikin kadarorin akwai wani ɗan kango kusa da Kwangila a Zariya, wanda marigayin ya karɓa a madadin bashi, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Cikin mako guda mutum uku suka taya shi, aka sallama. Benen kuwa sai da ya kusa shekara biyu kafin wani mai makaranta ya zo ya taya abin da bai kai sulusin ƙiyasin ba. Ina zaune a zauren ƙanen marigayin ranar da aka kawo maganar. Babban ɗan ya ce, "Baba, wallahi ba za mu wulaƙanta gumin mahaifinmu ba." Wata ƙanwarsa daga bayan labule ta ce, "Yaya, kai kana ciki kana kwana. Mu fa?" Uwargidan, wadda tumunin da za su raba su uku yake maƙale a jikin ginin, ta yi magana a hankali: "Alhaji ƙarami, ni dai a sama mini ɗaki biyu da tsakar gida. Gwiwata ba ta hawa matakala." Zauren ya yi shiru.

A nan na ga zaluncin da ake yi ba da niyya ba. In aka ƙiyasta irin wannan gida da kuɗin gini, aka ba wasu magada shi, aka ba wasu gona ko shago ko filin birni, to waɗanda suka sami gidan an cika musu hannu da takarda. Gona a fadamar Maƙarfi tana da mai saye gobe, tana kuma ba da rake duk shekara. Bene yana cin kuɗi ne: rufi ya yi yoyo, famfo ya fashe, mai gadi na jiran albashi. Ya kamata alƙalai da malaman da suke raba gado su riƙa tambayar abin da za a taya, kada su tsaya ga abin da aka kashe. Kuma ginin kansa ba ya rabuwa. Gidan kakanninmu sassa ne: zaure, shigifa, turaka, ɗakunan mata kowacce da nata, fili a tsakiya. In mai gida ya rasu a ja katanga, a fasa ƙofa, gida ɗaya ya zama uku, kowa ya zauna. Benen zamani matakala ɗaya gare shi, madafa ɗaya, tankin ruwa ɗaya. An ɗauko zanen da aka yi wa miji da mata da 'ya'ya uku, an dasa wa mai iyali ashirin.

Ko ta fuskar jin daɗin zama, ban gamsu an ci riba ba. Ƙasar Zazzau ce ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara da bakan gizo, ginin da masana daga ƙasashe suke zuwa kallo. Soron ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu. Ba ina cewa a koma ginin laka ba ne, amma hikimar kaurin bango da inuwa da mashigar iska ba ta tsufa ba. Benen da aka lulluɓe da gilashi a garin da wuta take zuwa sa'o'i kaɗan, tanda ne a watan Afrilu. Na sha ganin mai irin wannan gida ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar waje da rana tsaka. Kuma da aka cire zaure aka sa ƙofar ƙarfe, an cire wurin da maƙwabci yake zama a gaisa, da inda almajiri da baƙo suke samun tuwon dare.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum da kuɗinsa, ya ga dama ya gina. Gida a mahaifa mutunci ne, nan za a ɗaura auren 'ya'yansa, nan za a yi zaman makokinsa, kuma wanda ya yi arziki bai aza ko bulo ɗaya a garinsu ba, mu ne za mu fara zaginsa. Gini kuma yana ciyar da magina da leburori da masu yashi da kafintoci. Duk na yarda. Amma aikin gini na shekara biyu ne ko uku, daga nan sai mai gadi ɗaya. Ku dubi abin da ƙasar nan take fitarwa. Tumatirin Kudan da Ikara a kwando yake tafiya har kasuwar Mile 12 ta Legas, wani ya ruɓe a hanya, wani tun a gona in kasuwa ta cika. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun 1981, ya shafe shekaru masu yawa a rufe a tarihinsa. Raken Maƙarfi har yau yawancinsa a tsaye ake lodinsa, ko a dafa shi mazarƙwaila a gona da ƙaramin injin matsa. Kuɗin bene ɗaya daga cikin waɗanda suke kulle zai kafa wurin busar da tumatir da barkono mai aiki da sola, ko sito mai kyau da manoma za su riƙa haya, ko injin casar shinkafa. Irin waɗannan su ne suke kawo ma'aikata, ma'aikata su nemi haya, haya ta kawo mai sayen gida. Garin da ba shi da abin da zai tsayar da baƙo, gidajensa ba za su taɓa samun mai taya ba. Maƙarfi ta ɗan ɗanɗana wannan: tun da kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris ta zauna a garin, masu ɗakunan haya na ɗalibai suna karɓar kuɗi duk shekara, abin da mai bene a bakin hanya bai taɓa gani ba.

Abin da nake roƙon masu halinmu shi ne su raba niyya biyu tun kafin a haƙa tushe. In gidan zama ne a mahaifa, a yi shi daidai zama, sassa-sassa yadda zai rabu, a ƙasa yadda tsoho zai iya shiga, a kuma nema masa takardar hukuma maimakon dogaro da takardar mai unguwa kaɗai. In ajiya ce ake nufi, to a san cewa ajiya tana inda ake da mai saye, a kuma bincika takarda a KADGIS kafin a biya ko sisi, kada a yi cinikin biri a sama saboda hoton waya. Ƙananan hukumominmu uku kuma, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, maimakon su zuba ido ana yanka gonaki barkatai, su nemi jiha ta fitar musu da tsarin gari: ina ne na zama, ina ne na sana'a, wace fadama ce ba za a taɓa ba.

Gidan da na ba ku labari, a ƙarshe an sallama wa mai makarantar, bayan an kai ruwa rana har wasu 'yan'uwa sun daina gaisawa. Na bi ta wurin kwanakin baya. An raba babban falon gida uku da katako, an kafa allo a inda talabijin take, yara suna biya karatu da ƙarfi har bakin titi. Hajiya uwargida tana can cikin gari, a ɗaki biyu da tsakar gida da 'ya'yanta suka haɗa mata da kuɗin kangon Kwangila. Na same ta a inuwa tana tsince wake, jikokinta suna wasa a gabanta.